Tauraruwa mai wutsiya da dutsen sararin samaniya: mene ne bambancinsu, kuma za su iya faɗo mana?

Tambaya: "Malam, lokaci zuwa lokaci nakan ji a labarai wai wani dutse zai gifta kusa da duniya, wani lokacin kuma a ce tauraruwa mai wutsiya ce ta bayyana. Abu ɗaya ne? Hasken nan da ke tsaga sama da dare ya ɓace nan take, shi ma cikinsu yake? Kuma da gaske ne wata rana ɗayansu zai iya faɗo wa duniya?"

Amsa: Ɗan'uwa, tambayoyi uku ka haɗa, amma duk amsarsu daga tushe ɗaya take fitowa, wato yadda rana da duniyoyin da ke kewaya ta suka samu tun farko. In ka riƙe wannan, sauran ba za su ba ka wahala ba.

Kimanin shekara biliyan 4.6 da suka wuce, inda rana take a yau wani katafaren gajimare ne na iskar gas da ƙura. Nauyinsa ya sa ya rufta cikin kansa. Mafi yawan abin da ke cikinsa ya taru a tsakiya ya zama rana, saura kuma ya baje ya zama faifai mai juyawa kewaye da ita. A cikin faifan nan ƙura ta riƙa mannewa da 'yar'uwarta ta zama tsakuwa, tsakuwa ta zama duwatsu, duwatsu suka yi ta karo suna haɗewa har aka samu duniyoyi takwas. Sai dai ba duka kayan ne suka shiga ciki ba. Ka san in an gama gini akan bar ragowar bulo da yashi da guntayen rodi a gefe. To, duwatsun sararin samaniya, waɗanda masana ke kira astiroyid, da taurari masu wutsiya, su ne wannan ragowar. Shi ya sa masana falaki ke matuƙar daraja su. Duniyarmu ta narke, ta yi aman wuta, ruwa da iska sun cinye tsofaffin duwatsunta, ta goge tarihin farkonta. Su kuwa da yawansu suna nan kusan yadda suke tun ranar farko.

Abin da ya raba su shi ne wurin da kowanne ya dunƙule. Kusa da rana akwai zafi, ruwa ba ya daskarewa, saboda haka abin da ya taru a can dutse ne da ƙarfe. Daga wajajen duniyar Jupita zuwa gaba kuwa sanyi ya kai ruwa ya zama ƙanƙara, in aka ƙara nisa har iskar kabon da amoniya da makamantansu su daskare. Abin da ya dunƙule a can sai ya zama cakuɗar ƙanƙara da ƙura. Na farkon shi ne astiroyid, na biyun shi ne tauraruwa mai wutsiya. Wutsiyar, da haske, da irin hanyar da kowanne ke bi, duk daga wannan bambancin suka fito.

Mafi yawan astiroyid suna kewaya rana ne a wani faffaɗan fili tsakanin duniyar Mas da Jupita, nisan da ya ninka tsakaninmu da rana sau biyu zuwa uku da ɗoriya. Nisanmu da rana kuwa kusan kilomita miliyan 150 ne. Na farko da aka gano shi ne Ceres, wanda Giuseppe Piazzi ya hango daga birnin Palermo na Italiya a daren 1 ga Janairun 1801. Faɗinsa kusan kilomita 940, shi ne babbansu, kuma tun 2006 aka sa shi a rukunin ƙananan duniyoyi tare da Pluto. Bayansa aka gano Pallas a 1802, Vesta kuma a 1807. Yau waɗanda aka sani sun haura miliyan ɗaya, daga masu ɗaruruwan kilomita zuwa waɗanda ba su wuce 'yan mitoci ba.

Akwai maganganu biyu da suka yaɗu game da wannan fili, kuma duk biyun ba daidai ba ne. Ta farko ita ce wai wata duniya ce ta fashe, waɗannan tarkacenta ne. In ka tattara duk duwatsun da ke wurin ka dunƙule su, nauyinsu bai kai kashi biyar cikin ɗari na nauyin watanmu ba, ka ga ko kusa ba su isa duniya ba. Abin da ya faru shi ne Jupita, wadda ta fi sauran duniyoyin bakwai nauyi ko da an haɗa su gaba ɗaya, ta hana su zama lafiya. Ƙarfin janyowarta ya riƙa hargitsa su, maimakon su haɗu a hankali su manne sai su yi karo da ƙarfi su farfashe, da yawa kuma ta wurgar da su daga wurin ɗungurungum. Har yau tana wannan aiki. A 1866 Daniel Kirkwood ya lura akwai wasu layuka a cikin filin da babu duwatsu a kansu. Dutsen da ke irin wannan layi yakan kewaya rana sau uku daidai lokacin da Jupita ta kewaya sau ɗaya, misali, don haka kullum a wuri ɗaya suke haɗuwa, kullum ta fizge shi ta gefe ɗaya, har ta fitar da shi daga hanyarsa. Ka riƙe wannan, domin ta nan ne da yawa daga duwatsun da ke zuwa kusa da mu suke ɓullowa.

Magana ta biyu ita ce hoton da finafinai ke nunawa, kumbo na kauce wa duwatsu hagu da dama. A zahiri wurin kusan wayam yake. Tsakanin dutse mai ɗan girma da maƙwabcinsa akan samu ɗaruruwan dubban kilomita. Kumbuna da dama sun ratsa ta ciki a hanyarsu ta zuwa duniyoyin Jupita da Satan ba tare da sun ci karo da komai ba. Wanda ke son ɗaukar hoton dutse ɗaya ma sai ya yi lissafi ya nufe shi da gangan.

Ba duka suke iri ɗaya ba. Mafi yawansu baƙaƙe ne masu ɗauke da kabon da laka. Wasu dutse ne zalla, wasu kuma 'yan kaɗan baƙin ƙarfe da nikel ne suka fi yawa a jikinsu. Akwai kumbon NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, da ya tashi a Oktoban 2023 ya nufi ɗaya daga cikin masu ƙarfen, mai suna Psyche, ana sa ran isarsa a 2029. Wasu dubbai kuma ba a cikin filin suke ba, suna bin hanyar Jupita ne kanta, rukuni ɗaya a gabanta, ɗaya a bayanta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan fanni shi ne abin da aka gano da aka je aka taɓa su. An daɗe ana ɗaukar astiroyid a matsayin dunƙulallen dutse. A Oktoban 2020 kumbon OSIRIS-REx ya sauko a hankali kan wani mai suna Bennu, mai faɗin kusan mita 500, ya miƙa dogon hannunsa domin ya ɗebi samfuri. Ana zaton zai dafa ƙasa mai tauri, ashe ba haka ba ne. Hannun ya nutse kusan rabin mita kamar babu abin da ya tare shi, tsakuwa ta yi ta tashi ko'ina, da kumbon bai kunna injinsa ya ja da baya ba da ya ci gaba da nutsewa. Bennu tarin tsakuwa da duwatsu ne da ɗan raunanan ƙarfin janyowa ya riƙe wuri ɗaya, da ramuka a tsakaninsu. Ya ɗebo da yawa har murfin ma'ajiyar ya ƙi rufuwa sosai, wasu ƙwayoyi suka riƙa zubewa. A ranar 24 ga Satumban 2023 samfurin ya sauka a hamadar Utah ta Amurka, giram 121.6. Kafin nan Japan ta kawo nata samfurin daga wani astiroyid mai suna Itokawa a 2010, da kuma giram 5.4 daga wani mai suna Ryugu a Disamban 2020. A cikin ƙurar Bennu an samu laka da gishiri, alamar cewa ruwa ya taɓa ratsa babban dutsen da Bennu ya ɓalle daga jikinsa. An kuma samu 14 daga cikin sinadaran amino 20 da jikin mai rai ke gina furotin da su. Wannan ba ya nufin an samu rai a can. Yana nufin kayan haɗin suna samuwa a sararin samaniya tun kafin duniya ta huce.

Yanzu mu koma kan mai wutsiya. Gidanta na nesa ne ƙwarai, kuma gida biyu ne. Na kusa shi ne filin Kuiper, bayan duniyar Neftun, nisan da ya ninka namu da rana sau 30 zuwa 50, inda Pluto take. Daga wannan yankin ne masu dawowa cikin 'yan shekaru suka samo asali. Na nesa shi ne gajimaren Oort, wanda ya lulluɓe rana da duniyoyinta ta kowane gefe, ya miƙa har ninki dubbai goma-goma na nisanmu da rana. Kumbon Voyager 1, da ya tashi tun 1977 kuma ya fi duk wani abin da ɗan'adam ya ƙera nisa, sai ya ƙara kimanin shekara 300 kafin ya kai bakinsa. Babu madubin hangen nesa da ya taɓa ganin gajimaren nan. Jan Oort, masani ɗan ƙasar Holan, shi ya fito da shi ta hanyar lissafi a 1950, da ya ga cewa masu wutsiyar da ke ɗaukar dubban shekaru kafin su dawo suna ɓullowa ta kowace kusurwa, kuma hanyoyinsu duk suna nuna daga can nesa suka taso.

A can, mai wutsiya ba kowa ba ce. Dunƙulen ƙanƙara da ƙura ce mai 'yan kilomitoci, baƙa wuluk, ba haske ba wutsiya. Sai wani abu ya ɗan ture ta, ko wani tauraro da ya gifta ko janyowar ɗaya daga manyan duniyoyi, sannan ta kamo hanyar rana. Tana faɗowa a hankali, shekaru aru-aru, gudunta na ƙaruwa. Idan ta iso wajajen Jupita zuwa Mas zafi ya fara taɓa ta. A sararin da babu iska ƙanƙara ba ta narkewa ta zama ruwa, kai tsaye take zama tururi. Tururin ya riƙa fesowa ta tsagogin jikinta yana kwaso ƙura, ya yi mata lulluɓi mai faɗin dubban ɗaruruwan kilomita. Wannan lulluɓin ne kake gani kamar kan tauraruwa mai hazo-hazo. Hasken ba nata ba ne, na rana ne ke sauka kan ƙurar da gas ɗin.

Wutsiya kuma biyu ce, ba ɗaya ba. Hasken rana yana tura ƙananan ƙwayoyin ƙura a hankali, su yi wutsiya mai faɗi, fara ko ruwan ɗorawa, mai ɗan lanƙwasa. Sai kuma guguwar ƙwayoyin lantarki da rana ke fesowa dare da rana, ita kuma ta kwashi gas ɗin ta miƙar da shi samɓal, ya yi siririyar wutsiya mai shuɗi-shuɗi. Mutane da yawa suna zaton wutsiyar tana bin bayanta ne saboda gudu. A'a. Tunda rana ce ke tura ta, kullum wutsiyar tana nuna nesa da rana. Idan mai wutsiya ta kewayo rana ta kama hanyar komawa, wutsiyarta ce a gaba. Tsawonta na iya kai wa miliyoyin kilomita, amma abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. A 1910 duniya ta ratsa ta cikin wutsiyar wadda ake kira Halley. Da jaridu suka ba da labarin akwai iska mai guba a cikinta mutane suka firgita, wasu suka toshe ƙofofi da tagogi, 'yan damfara suka yi ta sayar da ƙwayoyin kariya. Aka wuce, babu abin da ya samu kowa.

Halley ɗin nan ta cancanci a tsaya a kanta, domin da ita aka karya tsoron da aka gada. Al'ummomi da dama a faɗin duniya sun ɗauki bayyanar mai wutsiya a matsayin alamar yaƙi ko annoba ko mutuwar sarki, kuma ban ga laifinsu ba. Komai na sama yana da lokacinsa, rana da wata da taurari, sai ita kaɗai ke zuwa ba sallama. A 1577 Tycho Brahe ya auna wata mai wutsiya ya nuna ta fi watanmu nisa, wato ba a cikin iskar duniya take ba kamar yadda aka daɗe ana cewa. Sannan a 1705 Edmond Halley na Ingila ya ɗauki lissafin Isaac Newton ya bi hanyoyin masu wutsiyar da aka rubuta labarinsu. Ya ga ta 1531 da ta 1607 da ta 1682 hanyarsu ɗaya, tazarar kuma kusan shekara 76. Ya ce ai guda ɗaya ce ke dawowa, kuma za ta sake zuwa wajen 1758. Ya rasu a 1742 bai gani ba. A ranar 25 ga Disamban 1758 wani manomi Bajamushe mai sha'awar kallon sama, Johann Palitzsch, ya hango ta. Zuwanta na baya-bayan nan a 1986 ne, lokacin da kumbon Turai mai suna Giotto ya wuce kusa da ita ya ɗauko hoton ainihin jikinta: tsawon kusan kilomita 15, kuma kashi huɗu kacal cikin ɗari na hasken da ya sauka kanta take mayarwa. Abin da ke haskaka sama haka, jikinsa na daga cikin mafi baƙi da aka sani. Za ta dawo a 2061.

Wanda ya fi kowa zama da mai wutsiya shi ne kumbon Rosetta na hukumar sararin samaniya ta Turai. Ya tashi a 2004, ya yi shekara goma a hanya, ya iske wadda ake kira 67P a Agustan 2014, ya raka ta shekara biyu tana kusantar rana tana komawa. A ranar 12 ga Nuwamban 2014 ya saki ɗan ƙaramin kumbo mai suna Philae domin ya sauka. Ƙugiyoyin da za su kafe shi a ƙasa ba su harba ba. Da yake janyowar wurin ba ta da ƙarfi, sai ya yi tsalle, ya shafe kusan sa'a biyu a sama kafin ya sake dira, ya ƙara ɗan tsalle, ya ƙare a gindin wani dutse inda rana ba ta isa ta caja masa batir. Duk da haka ya yi aiki kusan kwana biyu da rabi ya aiko da bayanai kafin ya yi shiru. Rosetta ya auna nauyin 67P ya tarar rabin na ruwa ne in aka kwatanta girma da girma, wato cikinta duk kofofi ne. Ya kuma auna ruwanta ya ga nau'in haidirojin mai nauyi da ke ciki ya ninka na tekunanmu kusan sau uku. Wannan ya raunana ra'ayin da ke cewa masu wutsiya ne suka kawo wa duniya yawancin ruwanta, ya ƙarfafa masu cewa baƙaƙen astiroyid masu laka ne, domin ruwan da ke cikinsu ya fi kama da namu.

Duk zagayen da ta yi kusa da rana sai ta yi asarar wani ɓangare na jikinta, saboda haka ba ta dawwama. Wata ta farfashe, kamar ISON a 2013. Wata ƙanƙararta ta sama ta ƙare, ƙura ta rufe ta, ta koma baƙin dunƙule da ba ka iya raba shi da astiroyid. A ɗaya gefen kuma an samu astiroyid da ke fitar da 'yar wutsiya, kuma Ceres kansa akwai ƙanƙara mai yawa a jikinsa. Don haka rabon da na yi maka a farko gaskiya ne, amma iyakar ba a shace take da layi ba, akwai na tsaka-tsaki.

Hasken da ka ce yana tsaga sama ya ɓace, ba ko ɗaya daga cikin biyun ba ne, ɓurɓushinsu ne. Yawanci bai wuce ƙwayar yashi ko 'yar tsakuwa ba. Yana shigowa iskar duniya da gudun kilomita 11 zuwa 72 a sakan ɗaya, ya matse iskar da ke gabansa ta yi zafi, ya ƙone a nisan kusan kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce lokaci. Wannan cikin ƙiftawar ido yake wucewa. Mai wutsiya kuwa tsaye za ka gan ta a cikin taurari, gobe ta ɗan gusa, ta yi makonni ana ganinta. Hale-Bopp, wadda ta yi tashe a 1997, ta yi wata 18 ana ganinta da ido ƙuru-ƙuru.

Mai wutsiya tana barin ƙura a kan hanyarta, kuma duk shekara duniya tana ratsa wasu daga waɗannan hanyoyi a rana ɗaya ta kalanda. Shi ya sa ake samun dararen da hasken ke yawaita: wajen 12 ga Agusta daga ƙurar Swift-Tuttle, tsakiyar Nuwamba daga Tempel-Tuttle, farkon Mayu da wajen 21 ga Oktoba daga Halley kanta. Na wajen 14 ga Disamba, wanda a ganina ya fi su armashi, daga astiroyid mai suna Phaethon yake. Ba ka bukatar na'ura. Ka nemi wuri mai duhu nesa da fitilu, ka bar idonka ya saba na minti ashirin, ka ajiye waya, kuma bayan tsakar dare ya fi. In abin da ya shigo yana da girma, wani ɓangarensa kan iso ƙasa. Mafi girma da aka sani yana Namibiya, ana kiransa Hoba, ƙarfe ne mai nauyin kusan tan 60, har yau yana inda ya faɗi.

Saura tambayarka ta ƙarshe. E, suna faɗowa, sun faɗo a da, kuma za su sake. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne mai wane girma, kuma sau nawa. Ƙura dai gomman tan ke sauka kullum ba wanda ya sani. Mai 'yan mitoci yakan tarwatse a sama. A Oktoban 2008 an hango wani mai kimanin mita huɗu ƙasa da kwana ɗaya kafin ya iso, aka faɗi inda zai shiga, ya fashe a saman hamadar arewacin Sudan, daga baya malamai da ɗaliban Jami'ar Khartoum suka bi sahu suka tsinto gutsattsarinsa. Shi ne na farko da aka gani tun kafin ya faɗo.

Mai mita 20 kuwa wani abu ne daban. Da safiyar 15 ga Fabrairun 2013 irinsa ya shigo saman birnin Chelyabinsk na Rasha da gudun kusan kilomita 19 a sakan, ya fashe a nisan kusan kilomita 30 daga ƙasa, da ƙarfin da ya ninka bam ɗin Hiroshima kusan sau 30. Hasken ya fi na rana. Mutane suka taso suka nufi tagogi su ga mene ne. Ƙarar da bugun iskar ba su iso ba sai bayan minti ɗaya zuwa uku, lokacin kowa na tsaye gaban gilashi. Kusan mutum 1,500 suka ji rauni, yawancinsu gilashi ne ya yanke su, amma ba wanda ya mutu. Darasin a bayyane yake: in ka ga haske irin wannan a sama, ka yi nesa da taga na 'yan mintoci. Ba wanda ya hango shi kafin ya zo, domin ta ɓangaren rana ya ɓullo, inda madubin hangen nesa na ƙasa ba ya iya dubawa. Na Tunguska a Saberiya, ranar 30 ga Yunin 1908, ya fi wannan girma, ya kwantar da daji sama da murabba'in kilomita 2,000. Can baya kuma, shekara miliyan 66 da suka wuce, wani mai kusan kilomita 10 ya faɗa yankin Yucatán na Meziko ya bar rami mai faɗin kusan kilomita 180. Ƙura da hayaƙi suka tare rana, tsirrai suka mutu, kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittu suka ƙare, har da manyan dabbobin nan dainoso. Irin wannan sai a yi shekara miliyan ɗari ba a ga ɗaya ba. A Yulin 1994 kuma masana sun kalli irin wannan karo da idonsu, lokacin da gutsattsarin mai wutsiya Shoemaker-Levy 9 suka yi ta faɗa wa Jupita ɗaya bayan ɗaya, suna barin baƙaƙen tabo, wasu sun kai girman duniyarmu.

Manyan ba su ne ke hana masana barci ba. Cikin masu kilomita ɗaya zuwa sama da ke zuwa kusa da mu an gano fiye da kashi 90 cikin ɗari, kuma babu wanda ke kan hanyar buge mu a ƙarni mai zuwa. Matsalar tana ga matsakaita, masu mita 140 zuwa sama, waɗanda za su iya shafe babban birni da kewayensa. Ba a kai ga gano rabinsu ba tukuna. Sai kuma masu wutsiyar da ke zuwa daga gajimaren Oort. Ba su da yawa, amma sun fi gudu kuma ba sa ba da dogon sanarwa: Siding Spring, da ta gifta duniyar Mas da tazarar kusan kilomita 140,000 a Oktoban 2014, a Janairun 2013 aka fara ganinta. A ra'ayina kuɗin da ake kashewa wajen nemo waɗannan na daga cikin mafi amfani a duk harkar sararin samaniya, domin wannan bala'i ne da ake iya ganinsa tun da sauran shekaru, kuma ana iya kawar da shi.

An ma gwada. A ranar 26 ga Satumban 2022 NASA ta kai wa wani dutse mai suna Dimorphos karo da gangan da kumbon DART, mai nauyin kusan kilo 600, a gudun kilomita shida a sakan. Dimorphos, mai kusan mita 150, yana kewaya wani babban dutse, Didymos, cikin sa'a 11 da minti 55. An ce in lokacin ya ragu da sakan 73 an yi nasara. Ya ragu da sama da minti 30, domin tarkacen da ya feso daga jikinsa ya ƙara tura shi. Ba a son fasa dutse, a mayar da matsala ɗaya ta zama ɗari. Ana so ne a ɗan canja gudunsa tun da wuri, yadda bayan shekaru zai iso mahaɗar kafin duniya ko bayan ta wuce. Duk dabarar ta dogara ne ga gano shi da wuri.

Game da labaran da kake ji, akwai abin da zai rage maka fargaba. In an gano sabon dutse, ba a san hanyarsa daidai ba, sai dai a ce zai bi ta wani faffaɗan yanki, duniya kuma tana ciki. Da ƙarin awo yankin na tsukewa, kason duniya a cikinsa na ƙaruwa, sai ka ji yiwuwar karo ta hau. Da yankin ya ƙara tsukewa ya bar duniya a waje, sai ta faɗi warwas. Haka aka yi da wani dutse mai suna 2024 YR4: a Fabrairun 2025 yiwuwar ya buge mu a 2032 ta kai kusan kashi uku cikin ɗari, cikin 'yan kwanaki ta koma kusan sifili. Kuma in ka ji an ce dutse zai wuce "kusa", ka nemi adadin. Sau da yawa miliyoyin kilomita ake nufi, alhali wata yana nisan kusan kilomita 384,000.

Wanda zai zo kusa da gaske shi ne Apophis, mai faɗin kusan mita 340. A ranar 13 ga Afrilun 2029 zai wuce da tazarar kusan kilomita 32,000 daga doron ƙasa, ƙasa da inda taurarin ɗan'adam na talabijin suke, kuma mutanen Afirka da Turai da yammacin Asiya za su iya ganinsa da ido yana tafiya a cikin taurari. Jita-jita za ta yi yawa kafin ranar. Awon da aka yi masa da na'urar rada a 2021 ya tabbatar ba zai taɓa mu ba, a wannan zuwan da ma shekara ɗari masu zuwa. Kumbon da ya kawo samfurin Bennu an riga an karkata shi zuwa gare shi, domin ya duba yadda janyowar duniya za ta girgiza duwatsun da ke jikinsa ta kuma canja yadda yake juyawa.